Abin da Gemun Baffa Ya Ce

Duk littattafan tarihin da na karanta, da waɗanda na tilasta wa 'ya'yan mutane haddacewa don su ci jarrabawa, babu wanda ya kai jelar saniya faɗin gaskiya. Masu mulki sun sa an rubuta musu abin da kunnensu ke so, ofisoshi sun buga rahoton damina mai albarka a shekarun da mutane suka ci dusa, amma har yau ba a sami wanda ya iya ba jelar saniya cin hanci ba. Wannan hikimar ba tawa ba ce. Ta Baffa ce, wan mahaifina, wanda Mai shi Ya karɓi abinSa a bazarar bana. Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, da mu da shanun baki ɗaya.

A gidansa na Yelwa ya rasu, shi kaɗai. Mutanen masallacin layinsu ne suka ga bai fito asuba ba, bai fito azahar ba, suka tura ƙofa. Zaman makoki kuwa a gidanmu na gado aka yi shi, a Ƙofar Dumi, inda lungun bai wuce faɗin tabarma ɗaya ba. Masu babura suka riƙa kashe inji suna turawa da ƙafa, suna yi mana gaisuwa a kan hanya, ko sun san mamacin ko ba su san shi ba.

Masu ta'aziyya kashi-kashi suka zo. Dangi da maƙwabta na cikin gari suka ce, “Allah Ya jiƙan Malam, mutum mai yawan azumi.” Abokan aikinsa na jami'a, inda ya koyar da ilimin halittar dabbobi har ya yi ritaya, suka zo cikin manyan rigunan da ba su saba da su ba, suka ce ya riga zamaninsa. A yaren malaman jami'a, ma'anar wannan ita ce babu wanda ya karanta abin da ya rubuta. Sai kuma mahauta daga kwata, waɗanda ba wanda ya aika musu, amma suka fi kowa daɗewa a kan tabarma. Bayan an shafa fatiha wani dattijo daga cikinsu ya matso kusa da ni, ya rage murya.

“Malam, tsakaninka da Allah, tunda mai shi ya tafi. Gashin nan da ya yi ta tarawa, ya yi aiki kuwa?”

“Wane irin aiki, Baba?”

“Haba, kai ma ka sani.” Ya dubi katangar gidan, wadda ta tsage tun ina yaro. “Ni dai na ga ba na kuɗi ba ne. Kuma ba na mata ba ne.”

Na ce masa na ilimi ne. Ya ce, “Allah sarki,” da irin muryar da ake yi wa wanda ya faɗi zaɓe jaje.

Maganar da ta ɓata zaman ba daga bakin maƙiyi ta fito ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi masa wanka ne ya ce, cikin tausayi, “Ya rame ƙwarai. Kamar ka ɗauki damin kara.” Kafin la'asar maganar ta ratsa zaure, ta shiga cikin gida, ta isa kunnen Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage a cikin iyayenmu. Ta sa aka kira mata Yaya, ɗan Baffa tilo. Ni ma aka kira ni wai in zama shaida, domin a gidanmu in ana neman wanda zai tsaya ya yi shiru, malamin makaranta ake nema.

“Ɗa ɗaya ya haifa,” in ji Gwaggo, ba ta ko kalli inda Yaya yake ba. “Ɗaya tak. Ga mota, ga bene a hanyar Jos. A garin Bauchin nan da kare ma yake ƙin tuwon jiya, a ce yayana ya mutu da yunwa?”

“Gwaggo, kullum ana kai masa abinci. Wallahi kullum. Ki tambayi mai keken da ke kai masa. Azumi yake yi.”

“Azumin da ba buɗa-baki? A wane littafin ka gan shi?”

“Shi ne ya ce…”

“Shi ne ya ce! Kai kuma ka ji daɗi ya ce.” Ta gyara zaman mayafinta. “Ƙafata ba za ta ƙara taka gidanka ba, kuma in na mutu kada ka kama makarata, sai na san abin da ya cinye yayana.”

Yaya ya fito ya koma kan tabarma, yana amsa gaisuwar mutanen da ya san sun riga sun ji. Ni kuwa ina tsaye da wata 'yar kwalba a aljihun rigata, wadda Baffa ya ba ni da hannunsa, wadda kuma, in har abin da ya ƙarar da rayuwarsa yana koyarwa gaskiya ne, za ta iya raba wannan gardama. Amma kafin in zo kan kwalbar sai na faɗi wane ne shi, don abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Wanda ba a gane shi ba da ransa, ba a daɗewa ake manta shi.

Gidanmu gidan allo ne da tawada. Baffa ne na farko da aka ba boko. An ce hukuma ce ta matsa a ba da yaro ɗaya, sai aka zaɓi wanda ya fi yawan tambaya don a huta. Ya tafi Zariya, ya haye teku, ya dawo da wata kalma da ya yi shekaru yana ƙoƙarin sauke ta a zaurenmu ta ƙi saukuwa: aisotop.

Ni kaɗai na taɓa sauraron bayanin har ƙarshe. Ba hazaƙa ba ce, a hannunsa na yi sakandare, ba ni da wurin gudu. Ya ce a cikin kowane nama da gashi akwai wani sinadari, naitirojin. Iri biyu ne, kamar tagwaye, kama ɗaya, hali ɗaya, sai dai ɗaya ya ɗan fi ɗan'uwansa nauyi. Su ne aisotop ɗin. Ba sa ruɓewa, ba sa rikiɗa. Jiki kuwa kamar mace mai shiƙar gero yake: duk abin da aka ci sai ya shiƙe shi, mara nauyin ya fi bin fitsari ya fita, mai nauyin ya fi zama. Saboda haka saniya ta fi ciyawar da ta ci yawan mai nauyin, kura kuma ta fi saniyar da ta ci. Ka ba na'ura gashi, za ta gaya maka ko mai shi ɗan ciyawa ne ko ɗan nama.

“To, Malam ƙarami,” haka yake kirana tun kafin in zama malamin, “dabbar da ba ta ci komai ba fa?”

Na ce ai ba abin da za a gani.

“Ka faɗi. Rai ba ya jira. In abinci ya yanke, kitse jiki yake fara ƙonawa, shi kuwa kitse ba ruwansa da naitirojin, don haka ba ka ganin wani abin kirki tukuna. In kitse ya ƙare sai jiki ya juya kan tsokarsa. Naman da aka riga aka shiƙe sau ɗaya, a sake shiƙe shi. Mai nauyin ya ƙaru. Saniyar da rani ya gama da ita, a idon na'ura ta fara zama kura. Nama take ci. Nata.”

Gashin jela daga tushe yake tsiro, kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya fito ba ya komawa a gyara shi. Don haka dogon sili ɗaya littafi ne. Nan kaka ce, an ƙoshi da kara da harawa. Nan tsakiyar rani. Nan ƙarshensa, lokacin da makiyaya ke hawa bishiya suna sassaro ganye. Nan ruwan farko. Burin Baffa shi ne ya karanta ranin ƙasar Bauchi a jelar shanunta, ya gano a wane wata ne dabba ke daina rayuwa da kiwo ta koma rayuwa da jikinta, don a san lokacin da ɗan dusa zai ceci garke.

Kuskurensa ɗaya ne: ya manta a wace ƙasa yake roƙon gashi. A wurinmu, mutumin da ya zo da almakashi da farar takarda yana neman gashin dabbarka, yana tambayar shekarunta da inda ta yi kiwo, yana rubutawa, suna ɗaya gare shi, kuma ba farfesa ba ne. Na taɓa raka shi wata ruga a bayan Yelwa. Ardon ya karɓe mu da fara'a, ya saurari labarin tagwayen nan har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, “Modibbo, ka ɗauki maraƙi sukutum, na ba ka. Amma jela, a'a. In albarkan garke ya bi ka, ina zan same ka?” Muka dawo da ƙwaryar kindirmo.

Sai ya koma kwata, inda shanun sun riga sun gama da maganar albarka. Duk Asabar da safe yana can a tsugune cikin jini da ruwan wanki, sanye da farar rigar ɗakin gwaji, yana yankar gashin jela, yana ɗaure tushen da zare don kada sama da ƙasa su rikice masa. Mahauta suna tsokanarsa, “Farfesa, in na farin jini ne a sa da ni!” Shi kuma ya ce, “Kai naka ya wuce magani.” A yi dariya.

A cikin gari ba dariya aka yi ba. Aka daina aika masa yara hutu. Akwai wanda ya noƙe hannunsa a wurin ɗaurin aure. Wanzamin gidanmu, in ya yi wa mutane aski ranar da Baffa ya zo ziyara, sai ya tattare gashin da sauri ya ƙulle a tsumma ya cusa a zabira. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Baffa yana da wata ɗabi'a: in kana masa magana ba idonka yake kallo ba, gashinka yake kallo, kamar mai karanta jarida a hannun wani. Ya ga abin da wanzamin yake yi. Ya dai rage zuwa. Na'urar da ke karanta gashin kuma babu ita a jami'arsu, sai an tura ƙasar waje an bi layi. Yawancin abin da ya tara bai taɓa fita daga kwali ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa jin tsoron aikinsa ba, ba ta kuma taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba: Inna, matarsa. Faɗansu mafi girma a kan gaiwa aka yi shi.

Ga wanda bai san gaiwa ba, halittar fadama ce mai dogon jiki. In ruwa ya janye takan nutse cikin laka ta naɗe, ƙasa ta bushe a kanta, ta zauna haka ba ci ba sha har damina ta dawo. Tun muna yara muke jin tsofaffi suna cewa jikinta take ci. Baffa ya ce a duk abin da tsofaffi suka faɗa game da dabbobi, wannan ne na'ura za ta fi saurin sa wa hannu. Ya sa aka haƙo masa su cikin dunƙulen ƙasarsu, ya jera a wani babban baho a bayan kicin, da nufin ya riƙa fasa ɗaya bayan ɗaya a tsawon rani, ya ga yadda mai nauyin ke hawa. Ya ja wa kowa kunne: ko ɗigon alwala kada ya taɓa bahon nan.

Inna ta daure har zafi ya tsananta. Ran nan ya dawo daga aji ya tarar da baho cike da ruwa, laka ta narke, gaiwoyi suna ta juyi, ita kuma tana tsugune tana jefa musu hanjin kaza.

“Kin san abin da kika yi kuwa? Aikin shekara guda!”

“Na sani. Ni ba a kwana da yunwa a gidana.”

“Ba yunwa suke ji ba, halittarsu ke nan!”

“Ka tambaye su?”

“Hajiya, kimiyya ce!”

“To kimiyyar ta je ta yi a gidan ubanta. Ina tuƙa tuwo, abu yana bayana yana cin kansa? Kai in aka rufe ka a baho, tsayawa zan yi jiran sakamako?”

Ya yi kwanaki ba ya mata magana sai ta bakina. “Gaya wa Innarka a kawo ruwan wanka.” Ita kuwa ba ta fasa ajiye masa kwanonsa ba, shi ma bai fasa suɗe shi ba. Daga ƙarshe da kansa ya ɗora bahon a bayan mota, muka kai su rafi ya sake su. A hanyar dawowa ya ce, “Da na fasa su ɗaya-ɗaya, da yanzu ina da takarda mai sunana a kai.” Muka yi tafiya mai nisa sannan ya ƙara da cewa, “Ta kyauta.” Bai taɓa gaya mata ba.

Yana da wata ɗaliba, haifaffiyar Bauchi, iyayenta mutanen kudu ne masu shagon yadi a Kasuwar Muda Lawal. Ita kaɗai ce a ajinsu ta yarda ta bi shi kwata. Da ta gama digiri ubanta ya ce karatu ya isa, ta zo ta riƙe shago. Baffa ya tafi kasuwar, ya zauna a kan dilar atamfa, ya ce ba inda za shi. Mai shago ya kawo masa lemo, ya sha. Masu saye suka riƙa zagaye ƙafafunsa. Da yamma uban ya ce, “Farfesa, don Allah ka ɗauke ta ka tafi, ka hana ni ciniki.” Baffa ya yi ta rubuce-rubuce har ta sami gurbi a ƙasar waje, a wurin da na'urar take. Ranar da za ta tafi ya ce mata, “Ni ban kai gare ta ba. Ke in kin je ki gaishe ta.”

Ta hannunta ne ya sami amsar wata tambaya da ta daɗe tana damunsa. Ya tura mata gashin kansa na kafin watan azumi da na bayansa. Ba a ga wani bambanci ba. Ya yi ta dariya. “Azuminmu ba ya barin sawu. Abin da rana ta ɗauka, ƙosai da kunu sun mayar kafin isha'i, har da riba.” Sai kuma ya ce, “Kuma ka sani, Malam ƙarami, na'ura ba ta san niyya ba. Da mai yi don Allah, da wanda ya rasa, da wanda abincin ne kawai ya daina yi masa daɗi, in dai jiki ya juya kan kansa, layi ɗaya take zana musu. Lada a wani ofishin ake lissafa shi.”

Da Inna ta rasu, Yaya ya yi ya yi ya koma wurinsa, ya ƙi. Ya ce bene ba ya son gwiwar tsoho, kuma wa zai kula da kwalayen. Ya zuba ɗalibai 'yan haya a ɗakunan waje, ya zauna a ɗaki ɗaya da falon da kujerunsa suka yi masa yawa. Yaya ya ɗauki mai keke, kowace yamma ya kai kular abinci ya dawo da ta jiya. In an tambayi Baffa a waya ko ya ci, sai ya ce, “Ina azumi, sai an jima.” Litinin da Alhamis suka jawo Talata da Laraba. Ya daina rage gemu. A cikin gari aka ce Malam ya tuba, ya bar harkar gashi ya kama Allah. Waɗanda suka noƙe masa hannu suka fara aiko da gaisuwa. Gaisuwar dai, su ba su zo ba.

In na je nakan same shi a kujerar roba a bakin ƙofar kicin, da rediyo a kashe a cinyarsa. Ɗalibai suna ta hayaniyarsu a tsakar gida, suna shanya, suna gardamar ƙwallo, su ce “Sannu, Baba” su wuce. Ba ya ƙorafi. Sau ɗaya ne kawai ya ce, “Ka san abin da ke da wuya? Wanke hannu. Ka wanke hannu, ka zauna, ka buɗe kwano, babu wanda za ka ce wa gishiri ya yi yawa.”

A zuwana na ƙarshe na ga gurbi a ƙarƙashin haɓarsa, kamar inda akuya ta ci shinge. Ya miƙo mini kwalbar. A ciki akwai tufkar farin gashi, an ɗaure gefe ɗaya da jan zare.

“Ungo. Ka aika wa 'yata ta ƙasar waje. Inda zaren yake nan ne tushe, kada ta juya shi.”

“Baffa, mene ne wannan kuma?”

“Saniyata ta ƙarshe. Ita kaɗai ce ba sai na roƙi Ardo ba.” Ya shafa gurbin. “Tun daga rasuwar Innarka yake, wata-wata. Na yanke da kaina don na san ba a yi wa gawa aski, kada in haɗa ka faɗa da liman. Sai dai ba duka ba ne. Na 'yan makonnin nan yana ƙarƙashin fata, bai fito ba tukuna. Wannan da shi zan tafi, ba mai karantawa.”

Na ce ya daina irin wannan magana, kamar yadda kowa ke cewa. Ya ce in gaida yara.

Bayan sadakar bakwai na fito da kwalbar a gaban Gwaggo da Yaya da limamin unguwa. Gwaggo ta dafe ƙirji.

“A binne shi! Ba za a kai wa Turawa jikin yayana ba.”

Liman, wanda tare suka yi allo da Baffa, ya juya kwalbar a hannunsa. “Hajiya, abin da mutum ya yanke da ransa ba gawa ba ne. Da haka ne, da kowane shagon aski maƙabarta ne.”

Na yi mata bayanin tagwayen da shiƙa, a taƙaice, yadda nake wa 'yan aji ɗaya. Ta dube ni.

“Wato gashin nan zai faɗi in yunwa ce?”

“Zai faɗi in jikinsa ya koma cin kansa.”

“To a kai shi yau.”

Tun tana budurwa take kiran aikin yayanta shirme. Ranar nan, saboda fushi, kimiyya ta yi mabiyiyarta ta farko a gidanmu. Na dubi Yaya. Ya ce, “A kai,” idonsa a kan tabarma.

Muka jira. Ruwa ya sauka, gari ya yi kore. Ranar sadakar arba'in Yaya ya zo ya zauna a can ƙarshen lungu, wurin takalma. Matarsa ta aiko da abincin sadaka, Gwaggo ta sa aka mayar.

Damina ta yi nisa sannan ɗalibar ta kira. Na ajiye wayar a tsakiyar tabarmar Gwaggo, na buɗe murya. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, bai cire hularsa ba, bai kuma shigo ba.

“Sannu Mama, sannu da haƙuri. Ni ma ubana ne.” Sannan ta shiga maganar. “Na yanka gashin ƙanana-ƙanana, daga baki zuwa tushe. Na farko-farko yana daidai, kamar na kowa. Daga tsakiya mai nauyin ya fara hawa. Yana hawa, yana hawa, har wurin zare. Bai sauka ba.”

“Yunwa ke nan,” in ji Gwaggo.

“Abu biyu ne yake kawo shi, Mama. Ko jiki yana cin kansa, ko mutum ya koma cin kifi sosai, kullum-kullum, musamman na teku. Akwai wani sinadarin, kabon, wani lokaci yana raba su. Amma mu masu cin gero da dawa namu a sama yake tun asali, bai nuna mini komai ba.” Ta ja numfashi. “Amma Baba ba zai ci kifi ba. Shi ya koya mana, darasi na farko: in kana auna yunwa, kada ka canza abinci. Ba zai ɓata gwajin kansa ba.”

Su 'yan haya sun riga sun gaya mini inda kular take zuwa. Yadda ta zo haka yake miƙa musu, tuwo ne ko shinkafa, ya ce ya ƙoshi. Teku kuma tana da nisa da Bauchi.

Gwaggo ta ci gardama, amma ban taɓa ganin wanda ya ci gardama ya yi kama da ita ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Daga bakin ƙofa Yaya ya ce, “Kullum sai na tambayi mai keken ko kular ta dawo a wanke.” Ya jira ko Gwaggo za ta ɗago, ba ta ɗago ba. Ya sa takalminsa ya tafi.

Na koma gida na fara wannan rubutu da manyan tunane-tunane. Na rubuta cewa mutumin da garinsa ya hana shi gashi ya ba da nasa. Na rubuta cewa ya ajiye alƙalami ya rubuta littafinsa na ƙarshe da naman jikinsa, shafi-shafi, ba tare da ya yi wa ilimi ha'inci ko da loma ɗaya ba. Na rubuta cewa kaɗaici ma ashe yana da nauyi, har na'ura tana iya auna shi. Na karanta wa matata, ta yi hawaye, ni ma na ji na yi ƙoƙari. Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yalwata masa kabari, Ya haɗa shi da wadda ba a kwana da yunwa a gidanta. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa akwai wanda zai tura ƙofa tun da asuba.

Makon jiya Yaya ya kira ni mu kwashe kayan gidan Yelwa, don za a ba wasu ɗaliban ɗakin. Ya rame shi ma. Muka yi ta fito da kwalaye muna jerawa a tsakar gida, ba mu san inda za mu kai su ba, ba mu kuma yi maganar ba. A bayan ƙofar ɗakin kwanan Baffa, ƙarƙashin wata tsohuwar darduma, muka tarar da manyan buhuna a jingine, an ɗaure bakinsu. Yaya ya ja ɗaya, ya yi ƙarar ƙarfe. Ya tsuguna ya kwance igiyar.

Gwangwanayen sardin ne, kifin teku, har baki, an cinye, an wanke kowanne tas.